Kundin aikin jirgin Tiga: saita wutar injin V8 mai bulowa

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jirgin ya iso gareji da hantsi, an jawo shi a kan tirelarsa tun daga Legas. Ƙaramin jirgin gudu ne, tsawonsa ƙafa 21, injin yana ciki, ƙafar farfela tana waje ta baya. Alhaji ya saye shi ne don shan iska da iyali a Dam ɗin Tiga. Injin MerCruiser ne mai lita 5.7, wato dai Chevrolet V8 ɗin nan da aka sani da 350, aka shirya shi don ruwa. Wanda ya fara mallakarsa ya ɗora masa bulowa Weiand 142, da kafireta Holley a samanta. Bel ne daga karanshaf yake juya bulowar, ita kuma ta riƙa cusa iska da mai cikin silinda da ƙarfin tsiya, fiye da abin da injin zai iya zuƙa da kansa.

Ƙorafin Alhaji: yana tashi, yana gudu, amma ba ƙarfi, yana hayaƙi ta murfin baƙin mai, kuma yana zafi. Na auna matsin kowace silinda. Bakwai daga ciki suna tsakanin 140 da 150 psi, lamba 7 kuwa 60. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan ba aikin fulogi ba ne, sai an buɗe.” Ya ce a buɗe.

Talata, 14 ga Janairu

Mun ɗaga injin da ƙugiya, mun sauke tof biyu, wato murafun saman silinda. Fistin lamba 7 ya gutsure a baki, daidai saman ringin farko, kuma fuskarsa ta yi kaushi, duk ƙananan ramuka. Lamba 5 ya kama hanya. Farin tangaran ɗin fulogan kuwa duk ɗige-ɗigen baƙi ne da ƙyallin alminiyom. Wanda ya saba ganin wannan ya san sunansa: ƙwanƙwasa. Wutar fulogi ta kunna mai, kafin harshen wutar ya gama bin silinda sai ragowar man da ke can gefe ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, ya daki fistin. Daƙiƙu kaɗan sun isa ya yi wannan ɓarnar idan inji yana ƙarƙashin nauyi.

Sauya fistin ba wuya. Abin da nake so in sani shi ne me ya ci wannan, don idan ban gano ba sabon ma hanyar zai bi.

Alhamis, 16 ga Janairu

An gano, kuma abin ya fi yadda na zata muni.

Distiributar da ke kan injin ta mota ce, irin mai gwangwanin zuƙa a gefe. Aikin gwangwanin nan a mota shi ne ya ƙara tura wuta gaba, wato fulogi ya kunna da wuri kafin fistin ya kai ƙololuwa, lokacin da inji ba ya ɗauke da nauyi, don a rage shan mai. Da ka taka totur zuƙar ta faɗi, sai ya saki. To wani bakanike, Allah ya san ko wane ne, ya jona tiyon gwangwanin a gindin kafireta. A injin da ba shi da bulowa wannan daidai ne. A nan kuwa kafireta tana saman bulowa, bulowar tana janye iska daga ƙarƙashinta, don haka gindin kafireta yana ganin zuƙa a daidai lokacin da ƙasan bulowa yake cike da matsi. Ma'ana, sa'ad da injin ya fi bukatar a ja masa wuta baya, sa'ad da gwangwanin yake ƙara masa digiri goma ko fiye a gaba ke nan.

Ban da wannan, distiributar mota ba ta da hurumi a cikin jirgi. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa ramin inji rufaffe ne ta ƙasa, nan yake taruwa. Shi ya sa distiributa da kik da altaneta na ruwa ake yin su yadda tartsatsi ba zai fita ba. Yarona ya ce, “Oga, ai ta yi ta aiki a haka ba abin da ya faru.” Na ce masa ya je ya ɗauko tsintsiya.

Da muna share ƙarƙashin kujerar baya sai ga kwali: asalin distiributar injin, Thunderbolt IV, da ƙaramin akwatin lantarkinta an rubuta V8-24 a jiki. Wayar firikwensin da ke cikinta ce ta tsinke, shi ke nan laifinta. Don waya guda aka jefar da ita.

Talata, 21 ga Janairu

Lissafi yau, ba sifana.

Na auna ramin tof da sirinjin asibiti da man giya ja, na haɗa da kaurin gasket da kwarmin fistin. Faɗin silinda inci 4, tafiyar fistin inci 3.48. Matsin injin ya fito kusan 8.5 bisa 1, wanda ya yi kyau ga bulowa. Amma idan bulowar ta ba da psi 5 da rabi, kamar yadda girman fulinta ya nuna, sai a raba 5.5 da 14.7, a ƙara 1, a ninka da 8.5. Ya ba da wajen 11.7. Injin zai riƙa jin kansa kamar mai matsi 11.7 ke nan duk lokacin da totur ke buɗe.

Masu irin waɗannan injuna a Amurka sukan tsayar da jimillar wuta tsakanin digiri 28 da 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma ɗan Alhaji ya riga ya turo mini waɗannan lambobin ta WhatsApp. Sai dai su da fetur mai daraja ta sama suke magana, wanda famfonsu ke rubuta 91 ko 93. Lissafinsu daban ne da namu. Fetur ɗinmu kala ɗaya ne, ma'auninsa RON 91 (RON ma'aunin juriyar mai ne ga ƙwanƙwasa), kuma wannan a famfon Amurka bai wuce 87 ba, wato mafi araha a wurinsu. Ka ɗauko lambarsu ka ɗora a kan man Kano, ga fistin lamba 7 nan a kan benci.

Na yanke shawarar farawa daga 26, in duba fulogi, sannan in san ko gaba za a yi ko baya.

Na ba da odar fistin takwas na bugaggen alminiyom, masu jure zafi, da ringi da gasket na ruwa, ta hannun wani mai kawo kaya daga Dubai. Da kuɗin kawowa sun tasam ma Naira miliyan 1 da dubu 400. Alhaji ya yi shiru a waya har na ɗauka layin ne ya yanke.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Na kai bulo wurin masu injin gyaran silinda a Ƙofar Ruwa. Ba a rarake ba, gogewa kawai aka yi, bangon bai ji ciwo ba. Naira dubu 60.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Haɗa inji. Ratar bakin ringin sama na buɗa ta zuwa milimita 0.55, ta fi ta injin gida faɗi, saboda zafin bulowa yana kumbura ringi, idan bakunan suka haɗu sai su ɓalle gefen fistin. Ringi takwas da fayel, ɗaya bayan ɗaya, ana sawa a silinda ana aunawa. Ƙurar hunturu ta dame mu, sai da muka rufe bulo da leda duk sanda za a tafi salla.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Duk wani digiri da zan faɗa daga yau ya dogara ne a kan layi guda da ke jikin babban fulin karanshaf. Idan layin nan ya yi ƙarya, fitilar taimin, wadda ake haska layin da ita a karanta digirin wuta, ita ma ƙarya za ta yi. Fulin kuwa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma idan robar ta tsufa zoben waje yana zamewa, ya tafi da layin.

Na fasa tangaran ɗin wani tsohon fulogi, na sa mai walda ya dasa doguwar ƙusa a ciki, na goge kanta ya yi sumul. Na cire batir, na kwance fulogai duka, na sassauta bawul biyu na lamba 1 don kada su taɓa ƙusar. Na ɗaura ta a ramin lamba 1, silindar farko ta gaba a ɓangaren hagu. Yaro ya juya karanshaf da hannu a hankali har fistin ya dafa ƙusar, na yi alama a fuli daidai manuni. Ya juya ta baya, kusan zagaye guda, har ya sake dafawa, na yi alama ta biyu. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya.

Ta bambanta da layin kamfani da milimita 9. Fulin inci 8 ne, kewayensa milimita 638, kowane digiri milimita 1.77 ke nan. Digiri 5 cif, kuma ta mugun gefe: layin yana riga fistin isowa. Duk wanda ya haska fitila ya ga 30, a zahiri 35 ya saita. Haɗa wannan da abin da gwangwanin zuƙa yake ƙarawa. Abin mamaki shi ne da fistin ɗaya kawai ya gutsure.

Fulin da ya zame sau ɗaya zai sake. Na samo wani ɗan Kwatano mai lafiyayyar roba, Naira dubu 85, na maimaita gwajin a kansa, ya fito daidai. Na ja masa layuka da farin fenti a 10, 12, 24, 26 da 28, a gefen da yake riga sifili isa ga manuni, sannan na ja layi guda ya ratsa daga cibiya zuwa zoben waje. Ranar da layin nan ya karye, an san ya zame.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Inji ya koma jirgi, ya tashi a bugu na farko. Tsarin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2, distiributa tana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Wayar lamba 5 da ta 7 na raba su nesa da juna, don suna maƙwabtaka kuma ɗaya na bin ɗaya a wuta. Idan suka kwanta tare, ta 5 tana iya tsokano ta 7 kafin lokacinta.

Ruwan sanyaya inji ta ƙafar farfela yake shiga, don haka muka yanka tsohon tankin roba muka tsoma ƙafar a ciki. 'Yan garuwa sun yi ciniki, kura biyu.

Akwatin V8-24 ya nuna halinsa. Shi ba ya duba komai sai saurin inji, yana ƙara digiri 24 a kan duk abin da ka saita a silo, wato lokacin da inji ke kunne ba a taɓa totur ba. A injin kamfani 8 ake sawa, jimilla ta zama 32. Ni da nake son 26, dole silo ya zauna a 2. A digiri 2 injin yana rawa, yana tari, bututun hayaƙi ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai duk da ruwan da ke bi ta ciki. Man bai gama ƙonewa ba bawul ke buɗewa, sai wutar ta bi shi waje. Da na kai shi 12 sai ya kwanta lif, silo ya daidaita a juyi 700 a minti. Amma 12 da 24 sun zama 36.

Abin da injin bulowa yake so shi ne wuta mai yawa a ƙasa, kaɗan a sama. Cakuɗen da aka danne yana ci da sauri, ba ya bukatar a kunna shi da wuri. Akwai akwati irin wannan na injin V6 mai lita 4.3, an rubuta masa V6-14, filoginsa ɗaya da wannan. Na kira wani abokin sana'a a Legas ya duba mini wurin masu kwance jirage.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tiga, karo na farko. Mun bi titin Zariya muka ratse ta wajen Bagauda. Tun 1974 dam ɗin yake nan, aikin zamanin Audu Bako, kuma shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, don haka a wannan lokacin ruwan yana ja baya. Wani dattijon masunci ya nuna mana inda duwatsu suke da inda suka shimfiɗa raga. Na ce, “Baba, Allah ya saka da alheri,” ya ce shi dai kada mu tsinka masa koma.

Kowa da rigar ruwa kafin ya taka jirgi. Tun abin da ya faru a Bagwai a 2021 ba na jayayya da kowa a kan wannan. Fankar da ke zuƙe tururin mai daga ramin inji minti 4 take yi kafin a murɗa makulli.

Yau zaunar da ringi kawai muka yi. Na bar wuta a 4, ban bari ya wuce juyi 2,500 ba, gejin bulowa bai taɓa haura sifili ba. Sau da yawa yana mutuwa idan aka sa giya, kamar yadda na zata. Ba yoyo, zafin ruwa 65. Mai lita 60, da kuɗin motar ja, da abinci, Naira dubu 130.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Akwatin V6-14 ya iso a motar dare, Naira dubu 110. Tunda rubutun jikinsa na injin silinda shida ne, sai da na auna shi a kan namu. Silo a 12, na riƙa ɗagawa ɗari biyar-biyar ina haskawa. Ya hau a hankali ya tsaya a 26, bai ƙara ba. Abin da nake nema ke nan. Na ɗaure notin distiributa, na sake haskawa, don ɗaurewa kan motsa ta.

Kafireta ma tana da irin ciwon gwangwanin nan. Akwai ɗan bawul a cikin Holley da ke buɗe ƙarin mai idan zuƙa ta faɗi, kuma shi ma gindin kafireta yake saurare. Na toshe hanyarsa ta asali, na huda wata, na ja siririn tiyo zuwa ƙasan bulowa. Yanzu da matsi ya fara zai buɗe. Wuta daidai da ƙarancin mai duk hanyarsu ɗaya ce zuwa ga fistin.

Fulogi na koma NGK lamba 7 maimakon 6, ya fi sanyi da mataki ɗaya, rata milimita 0.8.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Aiki daga safe zuwa azahar. Canjin baƙin mai da filta.

Asabar, 15 ga Maris

Mun bar Kano bayan asuba don mu gama kafin rana ta yi.

A cikin jirgi ba ka jin ƙwanƙwasa. Ga kukan bulowa, ga salansa, ga ruwa yana dukan ƙasan jirgi. Don haka na yi kunne na musamman: guntun bututun jan ƙarfe, na daddaƙe gefe ɗaya ya baje, na huda, na ɗaure shi a jikin bulo kusa da lamba 7. Ɗaya gefen na sa tiyo, tiyon na jona da abin sauraren ƙirji na likita da na saya a Sabon Gari. Ta ciki kana jin bawul suna tafiya shar-shar, tsaf. Idan ƙwanƙwasa ta zo, wani ƙas-ƙas ne mai kaifi da ba ya bin kiɗan injin.

Ɗan Alhaji a sitiyari, ni a durƙushe a baya. Na hana yaro zuwa kusa da bel da rigarsa mai faɗi. A 3,000 lafiya, a 3,500 geji ya fara nuna psi 2. Fitila ta tabbatar da 26 a ƙarƙashin nauyi. Na ɗaga masa hannu ya buɗe duka. Psi 5 da ɗoriya, matsin mai bai sauka daga 6 ba, kunne shiru. Amma juyi ya maƙale a 4,100.

Wannan bai yi mini ba. Injin nan ya kamata ya kai tsakanin 4,400 da 4,800 idan an buɗe shi duka. Jirgi giya ɗaya gare shi, kuma ruwa ba shi da gangara. Injinsa kamar tirela ce ɗauke da siminti tana hawan tudun Jos, tudun da ba ya ƙarewa. Idan farfela ta yi masa nauyi, yana nishi ne a ƙananan juyi da cikakken matsi, kuma a nan ƙwanƙwasa ta fi samun wuri. Farfelar da ke kai mai taku 23 ce, wato a lissafi tana tura jirgi inci 23 a juyi ɗaya. Kowane inci da aka rage yana ba da juyi 150 zuwa 200, don haka 21 nake nema.

Na sa ya kashe inji kai tsaye daga gudu, muka zare fulogai muna shawagi. Tangaran fes, ba ɗigo. A jikin ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso akwai inda launi ya sauya, kuma ya tsaya kusa da gwiwar lanƙwasar. Idan ya matsa can gindi wajen zare, wuta ta yi gaba da yawa. Idan yana can baki, ta yi baya.

Litinin, 24 ga Maris

Farfela 21 ta zo, ta hannu, Naira dubu 190. Ba za mu koma ruwa ba sai bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar da ta ɓata mini rai, kuma ranar da ta fi kowace amfani.

Alhaji ya zo da kansa, da baƙi, don haka ba mu shiga ruwa ba sai bayan azahar. Zafin Afrilu ne sosai, ma'aunin motarsa yana nuna 41. Mutum shida a jirgi. Man kuma ba wanda na saba saye ba ne, direba ya tsaya a wani gidan mai a hanya ya cika jarkoki.

Farfelar ta yi aikinta, juyi ya haura 4,400. Ba mu yi rabin minti a buɗe ba na ji shi a kunne, ƙas, ƙas-ƙas, sama-sama. Na daki kafaɗar ɗan Alhaji ya saki totur. Babu wanda ya ji komai sai ni. Alhaji ya ce, “Injiniya, lafiya? Yanzu fa ya fara daɗi.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma.” Na zare lamba 7 da 5. Ga su nan, ɗige-ɗige ƙanana a kan tangaran, sai ka karkata shi ga rana kake gani. Na miƙa masa, na ciro hoton tsohon fistin a waya na ɗora kusa da shi.

Digirin bai motsa ba, na haska, 26 ne. Abin da ya canja shi ne duk sauran. Iskar da ke shiga ta fi ta safiyar Maris zafi nesa ba kusa ba, bulowa irin wannan kuma dama tana dafa iska, ba ta da abin sanyayawa a ƙarƙashinta. Na ɗora hannu a jikinta na janye. Ga nauyin mutane, ga man da ban san asalinsa ba. Digiri 26 ya yi daidai da sanyin safiya da mutum uku. Jirgin kuwa na shan iska ne, da rana za a hau shi, a cike, da man da aka samu, kuma ba kullum za a sami mai durƙuso da tiyo a kunne ba.

A nan bakin ruwa na sassauta distiributa na mayar da silo 10, jimilla 24. Muka sake fita. Kunne shiru, amma ban bari an daɗe a buɗe ba. Ɗan Alhaji ya ce ya ji ƙarfin ya ragu. Gejin juyi ya ce ragin bai kai 100 ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na auna matsi: duka takwas tsakanin 148 da 155. Fistin sun tsira. Da irin na da ne, ban sani ba ko da za su kai bakin ruwa.

Mun yi doguwar magana da Alhaji a ofishinsa. Ɗansa yana son a sayo akwatin MSD mai rage wuta gwargwadon matsin bulowa, wanda ake murɗawa daga sifili zuwa digiri 3 a kowane psi. Na'urar tana aiki, ba na musu, kuma da ita za a iya barin wuta a gaba a matsakaicin gudu. Amma tana da maɓallin murɗawa a gaban direba, kuma na san hannun da zai riƙa murɗa shi. Sannan idan tiyonta ya fita ba za ta sanar da kowa ba, wutar za ta koma gaba gaba ɗaya a tsakiyar gudu. Na fi son abin da ba a iya taɓawa sai da sifana.

Shawarata uku: wuta ta zauna a 24, a ƙara girman jet na baya, wato ramukan da mai ke bi a kafireta, da lamba biyu, a sa wa bulowa fuli mafi girma don ta rage juyi, matsi ya dawo wajen psi 4. Da 4, lissafin nan na Janairu ya sauka daga 11.7 zuwa 10.8. Akwai ma wani dalilin: ƙafar farfelar Alpha One ce, an yi ta ne don ƙarfin doki 300 ko ƙasa, kuma injin nan ya riga ya wuce haka. Alhaji ya tambayi nawa ƙafar take idan ta fashe. Da na faɗa masa, ya ce a sa fulin.

Ja da wuta baya ma yana da iyaka. Ƙasa da haka zafin zai koma kan bawul ɗin hayaƙi da robobin salansa, shi ya sa na zaɓi rage matsi a kan in ci gaba da cire digiri.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mai injin sassaƙa ƙarfe a Sharaɗa ya fitar mini da fulin daga alminiyom, ya kwaikwayi ramukan tsohon. Naira dubu 75. Bel ɗin ya isa, abin ɗamewa ya ɗauke bambancin. Jet na baya sun shiga.

Asabar, 19 ga Afrilu

Da gangan na zaɓi ƙarfe biyu na rana, na kuma roƙi masunta uku su hau don nauyi, da buhunan yashi biyu. Man daga gidan mai biyu daban, na gauraya.

Silo 10, juyi 700, yana shiga giya ba ya mutuwa. Jimilla 24, haskawa a ƙarƙashin nauyi. A buɗe duka: psi 4, juyi 4,500, matsin mai 6, zafin ruwa 70. Na bar shi minti guda cur, sannan na sake, sannan na ƙara. Kunne shar-shar kawai. Fulogai sababbi ne na sa don gwajin, sun fito ba ɗigo, launin ƙarfen yana kan gwiwa, ya ɗan karkata wajen baki. Haka nake so.

Na ɗiga jan fenti a kan notin distiributa da gindinta. Na rubuta lambobin a ƙarfe na ɗaure a cikin murfin inji: silo 10, jimilla 24, fulogi lamba 7, rata 0.8, kada a jona tiyo a gindin kafireta. A buɗe duka injin yana shan sama da lita 100 a awa, don haka na gaya wa direban Alhaji su riƙa yawo tsakanin 3,000 da 3,400, inda bulowa ba ta fara dannawa ba.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da ladan aiki, ya ɗan haura Naira miliyan 2 da rabi, fiye da rabinsa fistin ne.

Saura: robar famfon ruwa ta ƙafar farfela, tunda ban san shekarunta ba. Filta mai raba ruwa da fetur kafin damina. Ƙararrawar zafi, don gejin yana inda direba ba ya kallo. Bayan awa 20 na aiki za a dawo da jirgin gareji a canja baƙin mai, in sake auna matsi, in duba layin fulin. Idan an sami sanyaya iska ta ƙarƙashin bulowa, irin mai jan ruwan dam, za a iya maganar komawa 26 a watan Disamba. Na tambayi farashinta, ana jiran amsa daga Dubai.